TALLAFI: HAƘƘI NE KO BARA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanakin baya aka aiko min da takarda, wai in rubuta sunayen mabuƙata ashirin daga unguwarmu za a ba su shinkafar tallafi. Mutum ashirin fa, a unguwar da sahun Juma'arta yake fita har bakin titi. Na kwana biyu takardar tana aljihuna. Duk sunan da na rubuta sai in tuno wani gidan da ya fi shi shiga hali.

A asuba ta uku wani dattijo ya tsaya bayan kowa ya watse. Na san shi, manomin rani ne, bai taɓa roƙon kowa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, in na ce ka sa sunana, na yi bara ke nan?"

Na ce masa: "A'a Baba, ba ka yi bara ba." Amma wallahi tambayar ta bi ni har gida, shi ya sa nake wannan rubutu.

Mu fara da yadda aka zo nan. A 1956 aka gano man fetur a Oloibiri. Kafin kuɗinsa su yi yawa, Arewa da gyada da auduga da fata take riƙe kanta, dalar gyada ta Kano shaida ce. Da mai ya zama shi ne uwa shi ne uba, sai gwamnati ta daina damuwa da abin da talaka yake nomawa, tunda ba daga nan take ci ba. Shi kuma talaka ya daina tambayar ina kuɗin suke tafiya, tunda yana ganin ba daga aljihunsa suka fito ba. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne mai arha.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Mu a nan ba a jarida muka karanta ba. Mun gani a kuɗin mota daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Mun gani a wurin mai injin ban ruwa da ya rage fadamar da yake nomawa, da ɗan acaɓan da ya ajiye babur, da mai kai majiyyaci asibitin tarayya na Birnin Kudu wanda kuɗin hanya ya cinye masa kuɗin magani. Kuma ba mu manta da Majiya ba, a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar man da ya zube daga tanka. Allah Ya jiƙansu.

Masana tattalin arziki suna da hujjarsu. Sun ce tallafin ya fi amfanar mai motoci biyar da masu fasa-ƙwaurin mai zuwa maƙwabta fiye da mai jaki, kuma da bashi ake biyansa. Ni ba fannina ba ne, kuma ina ganin akwai gaskiya a maganar. Fannina shi ne tambayar dattijon nan.

Abin da na fahimta a karatuna shi ne, dukiyar da Allah Ya binne a ƙarƙashin ƙasa, wadda hukuma take tarawa, ta jama'a ce. Shugaba mai tsaron baitul mali ne kawai. Saboda haka mabuƙacin da ya karɓi rabonsa bai roƙi kowa ba, kuma wanda ya miƙa masa bai yi masa alfarma ba. Wannan ya sa raina yake ɓaci in na ga an jera tsofaffi a rana, an ɗora musu buhu a ka ana ɗaukar hoto, a kan buhun kuma ga fuskar wani ɗan siyasa. Da kuɗin gadon gidanku ka sayo?

A shekarar yunwa ta Ramada, shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar (RA) ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina, ya tsaya da kansa a kan rabo. Ya kuma haramta wa kansa man shanu har sai mutane sun samu sauƙi, har launin jikinsa ya sauya. Duk shugaban da zai ce wa talaka ya yi haƙuri gyara ake yi, to a fara ganin haƙurin a ayarin motocinsa da teburin cin abincinsa. In ba haka ba, wa'azinsa ba zai shiga ba.

To amma akwai ɗaya gefen, wanda ya shafe mu, kuma ba ma son jinsa. Sahabi Hakim bn Hizam (RA), bayan nasihar da Manzon Allah (SAW) ya yi masa game da yawan neman dukiya, ya daina karɓa a hannun kowa. Abubakar ya kira shi ya karɓi rabonsa ya ƙi, Umar ya kira shi ya ƙi, har Umar ya kafa shaidu cewa ya miƙa masa haƙƙinsa shi ne ya ƙi karɓa. Ku lura: shugaba bai daina miƙawa ba, mai wadata kuma bai miƙa hannu ba. Mu namu ya juye. Mai rumbu cike da gero, wanda yake kai awaki kasuwar Sara, shi ne a gaban layi. Gwauruwa mai marayu huɗu tana gida, ba ta san kowa ba.

A cikin waɗanda suka zo min a kan takardar nan har da matashi lafiyayye mai gonar gado da bai shuka ba bana, saboda yana jiran a sa shi a wani tsari. Wannan shi ne abin da nake tsoro. Karɓar tallafi ba ya zubar da mutunci. Jiran tallafi shi ne yake kashe zuciya, ya kuma rufe baki. Wanda kwano biyu na shinkafa ya saye shi ba zai iya tambayar kansila ina kuɗin ƙaramar hukuma ba. Alhali tun da aka cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke samu daga tarayya ya ƙaru, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Haƙƙinmu na gaskiya yana can: taki a kan lokaci, hanyar da za ta fito da riɗi daga ƙauye, magani a asibiti, malami a aji. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da manoma da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Shinkafa kuwa sati guda ta ƙare.

Mu malamai ma mu ji tsoron Allah. In aka ba mu takarda, amana ce. Wanda ya cika ta da 'yan uwansa da ɗalibansa ya ci haƙƙin marayu, ko da rawaninsa ya kai ina.

Na sa sunan dattijon. Na ƙi sa na matashin, ya yi fushi, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce. Na ƙi sa na wani ɗan uwana na jini, wannan ma ana ta magana a gida. Ban ce na yi daidai a duka ashirin ɗin ba, ina neman gafarar Allah a kan gidajen da na tsallake.

Ɗan uwa, in kana cikin buƙata ka karɓa kanka a sama, naka ne. In Allah Ya rufa maka asiri, ka matsa wa wanda ya fi ka buƙata, ka koma gonarka, ka kuma riƙe bakinka don tambayar waɗanda aka ba amana.

Allah Ya yassare mana, Ya shiryi shugabanninmu, Ya wadata mu da halal. Wallahu a'alam.