Mas'alar Haƙƙin Yaro Kurma ga Harshe

Ka sani mas'alar da za mu duba a nan ita ce: idan aka haifi yaro ba ya ji, ko kuwa ciwo ya ɗauke jinsa tun bai buɗe baki ba, me ya wajaba a kan iyayensa da mai jinyarsa da malaminsa? Shin su jira ranar da bakinsa zai buɗe, su hana shi nuni da hannu don kada ya saba da shi, ko kuwa su ba shi maganar hannu tun yana goye? Mutane da yawa suna ɗaukar jiran nan haƙuri ne, hanin kuwa tarbiyya ce. Mu kuwa abin da za mu kafa wa hujja shi ne, jinkirta wa yaro harshe tauye haƙƙinsa ne, ko da ƙauna ce ta sa mai jinkirtawar.

Fasali na farko, a kan yadda yaro yake samun harshe

Ka duba, babu uwar da take zaunar da jariri ta karantar da shi nahawu. Yana goye a bayanta, magana tana zuba a kunnensa daga safe har dare, shi kuwa yana tsinta. Tsakanin wata 6 da wata 10 sai ya fara gwaranci, yana maimaita ba-ba-ba da da-da-da. Wajen shekara ɗaya ya kama kalma, wajen shekara biyu ya haɗa kalma biyu, kafin ya cika biyar ginshiƙan harshe sun kafu a cikinsa. Idan harsuna biyu ake yi a gidan, duka biyun zai ɗauka. Ɗan Bahaushe da aka raina cikin Barebari, Barbarci zai tashi da shi. Ashe ba wani harshe ayyananne ake haifar yaro da shi ba, shirin karɓar harshe ne, shirin nan kuwa yana da lokaci, kamar icce da ake tanƙwara shi tun yana ɗanye.

Hujjar wannan ta fito fili a wurin kurame. Wata masaniya a Amurka, Elissa Newport, ta gwada kurame manya waɗanda kowannensu ya shekara 30 ko fiye yana maganar hannu, ta bayyana abin da ta samu a 1990. Waɗanda suka same ta tun haihuwa sun fi ƙwarewa, waɗanda suka fara a shekara 4 zuwa 6 suna bin su, waɗanda ba su fara ba sai bayan shekara 12 kuwa, shekarun nan masu yawa ba su cike musu gurbin nahawu ba. Wata kuma, Rachel Mayberry, ta nuna cewa wanda ya sami harshen farko da wuri, na baki ne ko na hannu, yana iya koyon na biyu da kyau, wanda kuwa ya wuce ƙuruciya ba shi da ko ɗaya, duk harshen da ya koya daga baya sai ya zo masa da rauni. Ka riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar ta ginu. Ka ƙara da cewa fiye da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato mafi yawansu suna buɗe ido a gidan da babu wanda ya iya harshen da zai shige su.

Fasali na biyu, a kan cewa maganar hannu harshe ce cikakkiya

Sau da yawa akan ce wa kurma bebe, a ɗauka wanda ba ya furuci ba ya da cikakken hankali. Wannan kuskure ne babba. Maƙogwaron kurma lafiya lau yake, abin da ya rasa shi ne jin abin da zai kwaikwaya. Hankali kuwa ba a maƙogwaro yake zaune ba. A 1960 wani malami a makarantar kurame ta Gallaudet da ke birnin Washinton, William Stokoe, ya nuna cewa kowace alama ta kuramen Amurka an gina ta ne daga siffar hannu, da wurin da aka aza shi, da motsinsa, kamar yadda ake gina kalma daga haruffa. Kuma kowace al'umma da tata: mutanen Ingila da na Amurka bakinsu ɗaya, amma maganar hannunsu ta sha bamban. A 1991 Laura Petitto da abokiyar aikinta suka bayyana cewa jarirai kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsu, a kusan watannin da masu ji ke gwaranci da baki.

Abin da ya faru a ƙasar Nikaragwa ya isa izina. A 1977 aka buɗe makaranta a birnin Managuwa, aka tara yara kurame wajen 50, kowane ya zo da 'yan alamun da yake yi da mutanen gidansu. Malamai suka dage kan koya musu Sifaniyanci ta duban leɓe, abin bai yi wani tasiri ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka haɗa alamunsu, ƙananan da suka zo daga baya suka karɓa suka tsara shi, suka sa masa ƙa'idoji, har ya zama sabon harshe, wanda masaniyar harshe Judy Kegl ta fara nazarinsa a 1986. Ka lura, ƙananan ne suka kyautata shi fiye da manyan, kuma ba a sami harshen ba sai da aka tara kurma da kurma.

A ƙasar Hausa ma kurame suna da tasu, wadda ake ce wa maganar hannu, suna gadonta daga juna a kasuwa da dandali tun kafin a buɗe musu makarantun boko. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000.

Fasali na uku, a kan kyakkyawar niyya da ta haifi ɓarna

A 1880 malaman kurame na ƙasashe da dama suka taru a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji ne. Suka yanke cewa furuci ya fi alama, saboda haka a fitar da maganar hannu daga makarantu. Ba mugunta suka nufa ba, so suke kurma ya shiga cikin jama'a kamar kowa. To, sai ga abin da ya biyo baya: aka rage malamai kurame, aka riƙa horon yara idan an gan su suna motsa hannu, aka ƙarar da shekarun da ya kamata su koyi lissafi da tarihi wajen gyara furucin haruffa. A 1979 wani masani a Ingila, Conrad, ya bayyana cewa matsakaicin kurma mai barin makaranta yana ɗan shekara 16, karatunsa bai wuce na mai ji ɗan shekara 9 ba. Sai a 2010, a birnin Bankuba na Kanada, wannan taro ya janye hukuncin Milan, ya bayyana nadama, bayan shekara 130.

Ka gwada wannan da aikin Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, wanda sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 11. Ya buɗe makarantar kurame a Ankara ta ƙasar Gana a 1957, da wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashen Afirka har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Da hannu yake koyarwa, kuma ya horar da kurame suka zama malamai. Bambancinsa da mutanen Milan shi ne, shi ya san abin daga ciki. Darasin kuwa, ya ɗan'uwa, wanda zai yanke hukunci a kan rayuwar wani, niyya mai kyau ba ta isar masa, sai ya tambayi mai rayuwar.

Fasali na huɗu, a kan amanar da ke wuyan mai jinya

Ungozoma da nas su ne sukan fara ganin yaro, saboda haka amana uku ke kansu: tsarewa, da ganowa, da faɗin gaskiya.

Tsarewa ita ce sanin abubuwan da ke kawo kurumta. Daga cikinsu akwai sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da rubela idan ta kama mai ciki a watannin farko, da shawara mai tsanani ga jariri, da ciwon kunne mai zubar da mugunya idan ya daɗe, da wasu allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin idan an yi su ba bisa awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 60 cikin 100 na rashin ji ga yara ana iya tsare shi. Annobar sanƙarau ta 1996 a arewacin Nijeriya ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa akwai waɗanda suka tashi ba ji. Saboda haka yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, asibiti za a kai shi nan take, idan ya warke kuma a gwada jinsa. Allurar riga-kafin ƙyanda a wata 9 kada a tsallake ta. Jaririn da idonsa da tafinsa suka yi rawaya a kwanakin farko kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kunne mai ruwa a tsane shi da ƙyalle mai tsabta a kai shi ga likita, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye, kada a sa masa tsinke ko gashin kaza.

Ganowa ita ce lura. Jariri mai ji yakan razana da ƙara mai ƙarfi, wajen wata 6 yakan waiwaya inda sauti ya fito. Jariri kurma yana kuka, yana dariya, yana 'yan ƙananan sautuka kamar kowa, wannan ne ke ruɗin iyaye. Mai gwadawa ta tsaya a bayansa inda ba ya ganin inuwarta, kada ta buga ƙasa, domin yana jin girgiza a jikinsa. Ƙa'idar da likitoci suka ɗora ita ce a tantance jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Idan uwa ta ce tana shakkar jin ɗanta, a saurare ta, domin ita ke kwana da shi.

Faɗin gaskiya shi ne mafi nauyi. Da sauƙi nas ta ce, “Kwantar da hankalinki, uwar yaro, nauyin baki ne, zai yi magana.” Uwa za ta tafi da farin ciki, yaro kuwa ya yi hasarar shekara biyu ko uku. Abin da ya dace ta ce shi ne, “Ɗanki ba ya ji sosai, amma hankalinsa kammalalle ne, ga inda za a gwada shi, kuma daga yau ki fara yi masa magana da hannu.”

Fasali na biyar, a kan abin da mai jayayya zai ce

Idan ka ce, in an ba shi hannu zai yi ragwancin baki, sai mu ce: yaro mai ji ba ya rasa Hausa don ya iya Fulatanci, kuma mun riga mun ga harshen farko tsani ne zuwa ga na biyu. A sa masa na'urar ƙara ji idan da hali, ko wadda likita ke dasawa ta hanyar tiyata, a koya masa furuci gwargwadon iyawarsa, duka wannan alheri ne. Amma babu mai iya yi maka alkawarin yadda na'ura za ta amfani wannan yaro musamman, idan kuwa aka jira shekara huɗu sa'an nan aka gane ba ta wadatar ba, wa zai mayar masa da shekarun?

Idan ka ce, ai zai karanta leɓe, sai mu ce: tsaya gaban madubi ka furta baba da mama ba tare da murya ba, ka ga ko ido zai raba su. Kukan yaro da kukar miya kuwa, tashin murya da faɗuwarta ne suka raba su, wannan ba ya bayyana a leɓe ko kaɗan. Wanda ya riga ya san harshe yakan cike gurbi da zato, wanda bai taɓa jin sa ba da me zai cike?

Idan ka ce, mu ba mu iya maganar hannu ba, sai mu ce: wannan uzuri ne na gaskiya, amma yana da magani. A nemi kurame manya na garin, a kai yaro wurinsu, a gayyato su gida, iyaye da yayye su zauna su koya. Hannu mai tuntuɓe ya fi hannu a naɗe. Uban da ya koyi Larabci ko Turanci don fatauci, bai kamata ya ga ƙasƙanci ba a zama almajirin kurma saboda ɗansa.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, ka auna abin da yaro marar harshe yake rasawa. Ba ya iya gaya wa nas inda ke masa ciwo. Ba ya iya faɗin wanda ya cuce shi, mai cutar kuwa ya san haka. Ana dariya a tsakar gida bai san dalili ba, kakarsa ta rasu babu wanda ya iya gaya masa inda ta tafi. In ya yi fushi a ce zuciyar kurma ce, alhali kuwa fushin wanda aka rufe wa ƙofa ne. Ci da sha da sutura haƙƙi ne wanda in an makara yau ana iya biya gobe, harshe kuwa haƙƙi ne mai wa'adi. Saboda haka idan akwai irin wannan yaro a gidanku ko a unguwarku, kada ka bari wata ya kama ba a kai shi gwajin ji ba, kada kuma rana ta faɗi ba ka durƙusa daidai idonsa ka nuna masa sunan abu ɗaya da hannunka ba.

Tammat.