Sabon iri, sabuwar allura

Manomin shinkafa a Bakolori ba ya sayo sabon iri a kasuwar Talata Mafara ya watsa wa gona duka. Sai ya ware ɗan fili a gefe, ya shuka, ya zuba ido har girbi. Ko an rantse masa cewa irin ya yi albarka a wani gari, ya san ƙasa ba ɗaya ba ce.

Wannan taka-tsantsan da muke yi wa gona, da wuya mu yi wa jikinmu.

Akwai wani sinadari da ake kira BPC-157, wanda 'yan wasa da masu ɗaga ƙarfe a Amurka da Turai ke yi wa kansu allurarsa, wai yana gaggauta warkar da jijiya da targaɗe. Masana a Jami'ar Zagreb ta ƙasar Kuroshiya ne suka fara bincike a kansa tun shekarun 1990, bisa wani furotin da ke cikin ruwan tumbin ɗan Adam. An yanke wa ɓeraye jijiya, an ba su sinadarin, sun warke da wuri. Labarin kusan nan ya tsaya. Gwajin da aka yi a jikin mutane bai taka kara ya karya ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. A 2022 hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi. Masu sayarwa da kansu kan rubuta a jikin kwalbar cewa don bincike ne kawai, wato in ya cutar da kai, ruwanka.

Mu a Faru, Bakura da Maradun ba sai kwalbar ta iso ba, halin ya riga ta zuwa. Ɗan dambe ya gurɗe hannu da kaka, mai ɗori ya ɗaure masa karare ya ce a huta, shi kuwa kiɗan kalangu na kiransa. Sai ya zarce kemis: "Malam, ba ni mai ƙarfi." Ba ya duba lambar NAFDAC, ba ya tambayar sunan maganin. Sau da yawa tiramol ne, wanda shi ma WADA ta hana sha lokacin gasa tun 2024. Zafin ya kwanta, ƙashin bai haɗe ba, ya naɗe hannun da kara ya koma fage.