Ɗan Maƙwabci a Ɗakin Sujada

Karatu: Markus 10:13-16 da 2 Korintiyawa 4:1-6

Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da ta raba kan dattawan ikkilisiyar da nake yi wa hidima, a wani gari cikin jihar Maradi. Idan aka kawo mana 'yan makaranta don su ga ɗakin sujada, su ji abin da muka gaskata, kuma kusan dukansu 'ya'yan Musulmi ne, me ya halatta mu yi da su, me kuma bai halatta ba?

Ga yadda abin ya taso. Akwai wata lakwal a bayan majami'armu. Idan aka tashi yara da tsakar rana, sai mu ji ƙarar duwatsu bisa kwanon rufi. Wata rana mushen da ke koyar da 'yan ajin ƙarshe ya zo ya same ni. Musulmi ne, ba ya wasa da salla. Bayan mun gaisa ya ce, "Fasto, na kama yara uku suna jifa, na tambaye su dalili. Sun ce akwai gunki a cikin ɗakinku, kuma kuna shan giya a wurin ibada. Na hore su, amma horo ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga kai. Ka yarda in kawo su su duba da idonsu? Gani ya kori ji." Ya bi iyaye gida gida yana neman izini. Waɗanda suka yarda ba su kai rabi ba, kuma sun yarda ne don sun san shi, ba don sun san mu ba.

A waɗansu ƙasashe irin wannan ziyara abu ne da aka saba. A Ingila, tun dokar ilimi ta 1944, wajibi ne makarantun gwamnati su koyar da darasin addini, kuma dokar ta ba iyaye ikon cire ɗansu daga darasin idan ba su so. Saboda haka majami'u da yawa a can sukan karɓi aji guda, musamman kusa da Kirsimeti da Ista, su nuna wa yara abubuwan da ke ciki, su ba su labarin. A Ghana ma akwai darasin addini da tarbiyya inda yara ke koyon Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya a aji ɗaya. Mu a Nijar ba mu saba da haka ba. A ƙidayar 2012 Kirista ba su kai ko mutum ɗaya cikin ɗari ba. Kuma ba mu manta da ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram ba, da washegari a Yamai, sa'ad da aka ƙone majami'u masu yawa, aka rasa rayuka. Da yawa cikin masu riƙe da wuta a ranakun nan matasa ne, kuma na tabbata yawancinsu ba su taɓa leƙa cikin ɗakin da suka ƙone ba. Shi ya sa roƙon mushen nan bai zama mini ƙaramin abu ba.

Da na kai maganar gaban dattawa, sai wani dattijo da muke kira Baba ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "Fasto, Allah ne ya kawo kifi har bakin taru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan sun shigo, a rufe ƙofa, ka yi musu wa'azin ceto, su rufe ido su maimaita addu'ar tuba. Kowa a sa masa ƙaramin littafi a ƙasan jaka inda ba za a gani ba." Kada ka yi saurin raina maganar Baba. Shi kansa yana yaro ya fara jin bishara, a bakin wani ɗakin shan magani na mishan, kuma ya sha kora daga gidan ubansa saboda ita. Bai taɓa yin da-na-sani ba. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Idan mun gaskata cewa ceto yana cikin Yesu kaɗai, kuma mai yiwuwa yaran nan ba za su sāke shigowa ba har abada, ashe ba rashin ƙauna ba ne mu bar su su fita haka kawai? Wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya ba ya tsayawa neman izinin ubansa.

Na yi kwanaki ina kokawa da wannan magana, domin na taɓa yin abin da Baba yake so. Ina sabon fita daga makarantar Littafi Mai Tsarki, aka tura ni wani ƙauye. Da hutu na tara yaran unguwa, muna waƙa, ina raba musu biskit. Ranar ƙarshe na ce duk mai son ya karɓi Yesu ya ɗaga hannu. Duka suka ɗaga. Na ƙidaya su, na rubuta a rahotona da farin ciki. Bayan kwana biyu wani mutum ya zo ƙofar gidana riƙe da hannun ɗansa, idon yaron a kumbure don kuka da dūka. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, na bar shi ya zo wurinka ne don na ɗauke ka maƙwabci. Ashe ka ci amanata." Daga ranar babu yaron da ya ƙara takowa gidana, kuma wanda ya zo bayana ya yi shekaru yana gyara abin da na ɓata cikin yini ɗaya. Da na zauna na bincika zuciyata, sai na gane yaran ba Yesu suka ɗaga wa hannu ba. Sun ɗaga wa mai biskit ne, sun ɗaga don na kusa da su ya ɗaga. Ni kuwa abin da nake so a lokacin shi ne lamba mai kyau da zan aika wa shugabannina.

Ka duba karatunmu na yau cikin Markus. Mutane ne suka kawo yaran wurin Yesu, a gaban kowa. Waɗanda ya tsauta wa su ne almajiransa da suka tare hanya. Ya rungumi yaran, ya ɗora musu hannu, ya sa musu albarka, suka koma wurin waɗanda suka kawo su. Ba mu karanta cewa ya sa sun yi wani alkawari ba, ko ya ce su ɓoye wa iyayensu wani abu. Sau da yawa mukan karanta wurin nan don mu tsauta wa masu korar yara, daidai ne kuwa. Amma akwai wata hanya ta hana yaro zuwa wurin Yesu, wato ka sa ƙofar Yesu ta zama wurin da aka yaudari ubansa. Yaron da ya girma da wannan labari, da ƙyar zai sāke kusantar ƙofar.

Manzo Bulus kuma, a cikin 2 Korintiyawa 4, ya nuna cewa shi da abokan aikinsa sun rabu da hanyoyin ɓoye da na wayo, suna bayyana gaskiya a fili, suna barin lamirin kowane mutum ya auna su a gaban Allah. Ubangiji da kansa, sa'ad da babban firist ya tuhume shi a Yahaya 18, ya amsa cewa koyarwarsa a fili take, a majami'u da Haikali inda kowa ke taruwa. To, idan Mai bisharar bai ɓoye ta a ƙasan jaka ba, wa ya ba ni izini in ɓoye ta?

Misalin rijiya da Baba ya kawo yana da rauni a wuri ɗaya. Yaron da ya faɗa rijiya, kana iya jawo shi da igiya ko yana so ko ba ya so. Amma bangaskiya ba a jawo ta da igiya. Yaro ɗan shekara 11, a baƙon wuri, malaminsa yana tsaye, babban mutum yana ce masa ya rufe ido ya maimaita, wannan yaro ba shi da ikon cewa a'a. Wanda ba shi da ikon cewa a'a kuwa, i ɗinsa ba ta da nauyi. Ka kuma juya abin ta ɗaya gefen, kamar yadda Matiyu 7:12 ya koya mana. Ina da 'ya a lakwal. Da a ce an kai ajinsu ganin masallaci, aka rufe ƙofa, aka sa ta faɗi kalmar shahada, aka ce kada ta gaya mini, da wane suna zan kira wannan? Sunan da zan ba shi, shi ne sunan abin idan ni na yi wa 'yar wani.

Amma ɗan'uwa, kada ka ɗauka ina cewa mu yi shiru, ko mu ce wa yara duk hanya ɗaya ce don a zauna lafiya. Wannan ma ƙarya ce, kuma raini ne ga yaran da iyayensu, domin su ma sun san ba ɗaya ba ce. Ma'aunin da na riƙe shi ne wannan: duk abin da zan faɗa ko in yi, zan iya yinsa idan uban yaron yana zaune a bencin baya yana kallona? Zan iya faɗin cewa Yesu ya mutu a kan gicciye ya tashi a rana ta uku, uban yana ji. Ba zan iya sa ɗansa ya rufe ido ya maimaita addu'a a gabansa ba. Abin da ba zan iya yi a gaban idonsa ba, bai kamata in yi a bayan idonsa ba.

Haka muka shirya. Muka bar ƙofofi da tagogi a buɗe, muka aika wa iyaye cewa duk mai so ya biyo ɗansa. Uwa ɗaya ta zo, ta zauna a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Yaran suka shigo a tsorace, suna tuɓe takalma ko da ba mu ce su tuɓe ba. Abin ya taɓa ni. Muka zaga da su. Suka leƙa bayan mumbari suna neman gunki, suka tarar da tsintsiya da tsohuwar ganga. Muka nuna musu teburin Jibin Ubangiji da ƙananan kofuna, muka gaya musu ruwan zoɓo muke zubawa, muka kuma bayyana abin da gurasa da ƙoƙon suke tuna mana. Wata daga cikin zumuntar mata ta nuna musu kayan kiɗansu. Na buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, na ce musu littattafai 66 ne a haɗe, an kuma fara buga shi cikakke da Hausa a 1932. Da suka ji sunayen Ibrahim da Yusufu da Musa da Dawuda, sai suka fara kallon juna. Wani yaro ya karanta 'yan layuka daga labarin Yusufu da ƙarfi, ya yi mamaki da ya ga Hausa ce irin wadda yake ji. Ba mu raba biskit ba. Ruwan sanyi kawai muka ba su, domin ana zafi.

Sai lokacin tambayoyi. Wani ya ce, "Allah uku kuke bauta wa?" Na ce a'a, Allah ɗaya ne, na kuma yi iyakar ƙoƙarina in bayyana abin da muke nufi da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da cewa ba haihuwa irin ta mutum muke nufi ba. Daga nan wata yarinya da ba ta ce kome ba tun shigowarsu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Baba Fasto, mu da ba Kirista ba, wuta za mu shiga?"

Ɗakin ya yi tsit. Mushe yana kallona, Baba yana kallona, uwar nan ta bakin ƙofa ta miƙe tsaye. A nan ne na san wuyar abin da Bitrus ya umarta a 1 Bitrus 3:15, cewa mu kasance a shirye mu ba da amsa game da begenmu, amma da tawali'u da girmamawa. Amsa biyu masu sauƙi suna gabana, ɗaya ta tsoratarwa, ɗaya ta daɗin baki, kuma kowacce da na zaɓa da na yi ƙarya game da Allah. Na ce mata, "'Yata, ba ni ne mai shari'a ba, Allah ne, shi kuwa ba ya zaluntar kowa. Abin da na gaskata shi ne, dukanmu masu zunubi ne, da ni da ke, kuma ta wurin Yesu ne Allah yake gafarta zunubi. Shi ya sa nake binsa. Babanki ya gaskata dabam. Ki gaya masa duk abin da na faɗa, kada ki rage kome, ki kuma tambaye shi nasa dalili. Allah ya san sunanki, yana ƙaunarki, kuma ba ya fushi da mai tambaya."

Ban ce amsar nan ta cika ba. Da dare na yi ta juya ta a raina. Baba ya ce na yi laushi da yawa. Wani matashi a ikkilisiya ya ce na yi tsauri, bai kamata in ambaci zunubi ga baƙi ba. Abin da ya kwantar mini da zuciya shi ne abin da Bulus ya nuna wa Korintiyawa, cewa wani yakan shuka, wani ya yi ban ruwa, amma girma daga Allah yake. Manomin da ke tone iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro, shi ne ke kashe shi. Ni na tone nawa sau ɗaya a ƙauyen can, na ga sakamakon.

Jifan bai ƙare gaba ɗaya ba, amma ya ragu, kuma yanzu waɗansu yara sukan gaishe ni a hanya. Baba bai sauya ra'ayinsa ba, sai dai ya roƙi mushe ya faɗa masa sunayen yaran da suka zo, yana yi musu addu'a ɗaya ɗaya kowace asuba. Ni da na yi gardamar ban kai shi naciya a wannan ba.

Makon da ya wuce mushe ya dawo da sabuwar magana. Ya ce limamin unguwa ya ji abin da aka yi, ya kuma ce idan muna so, yaran makarantar Lahadi su zo su ga masallaci, da sharuɗɗa iri ɗaya: ƙofa a buɗe, iyaye suna iya biyowa, ba wanda za a sa ya maimaita kome. Na kai maganar gaban dattawa. Waɗansu da suka goyi bayana a karon farko sun sunkuyar da kai, ba su ce uffan ba. Za mu sāke zama a kanta ranar Lahadi bayan sujada, kuma sunan 'yata yana cikin yaran da za a tambaya.