Dara da Mai Shirin Jarrabawa

A gindin bishiyar bakin kasuwa ko a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, da wuya a rasa dattawa biyu sun sunkuya suna dara. Gurabe talatin ne a ƙasa, layi biyar kowanne da gurbi shida, kowa kuma da 'ya'yansa goma sha biyu: wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Sai an gama zuba su ɗaya bayan ɗaya sannan a fara tafiya, gaba ko baya ko gefe, gurbi ɗaya tak. Wanda ya jera uku ya ci, ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Wanda ya jera huɗu bai ci komai ba. Dokar ke nan, yaro ma zai riƙe ta a zama ɗaya. Duk da haka akwai wanda ya tsufa yana wasan, kullum shi ake cinyewa.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a nan shi ne kallo. Ɗan koyo yana zuwa da dabarar da ya shirya tun daga gida, idonsa na kan layin da yake son jerawa, bai ga an riga an toshe masa hanya ba. Gwani kuwa abin da ke ƙasa yake bugawa. Yana tambayar kansa: in na matsa nan, wane gurbi na buɗe? In na buɗe shi, me zai shiga? Daga nan sai me? Wanda bai yi wannan lissafi ba, shi ne dara ke ci wa gida.

Wannan kallon ne ake nema a jarrabawar gwada kaifin tunani, kuma yaranmu suna cin karo da ita tun da wuri. Ɗan aji shida da ke neman gurbi a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya yana haɗuwa da ita a jarrabawar shiga da hukumar NECO ke shiryawa. Mai neman jami'a yana gamuwa da sashen karanta rubutu a amsa tambayoyi a takardar Ingilishi ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Mai neman aikin banki ko na ɗamara ma bai tsira ba. A duk waɗannan wurare, yawancin masu faɗuwa sun san abubuwa da dama. Abin da ke kayar da su shi ne sun amsa tambayar da ke cikin kansu, sun bar wadda ke kan takarda.

Ga misali. An ce: duk malamai masu karatu ne, wasu masu karatu manoma ne. Shin dole ne wasu malamai su zama manoma? Ɗalibi zai tuna malamin makarantar allonsu da gonarsa ta gero a bayan gari, ya danna "e" da ƙarfin gwiwa. Gaskiya ne malamin yana noma, amma jimlolin nan biyu ba su faɗi haka ba. Mai yiwuwa masu karatun da ke noma babu malami ko ɗaya a cikinsu. Amsar ita ce ba dole ba ne. Yaron bai yi ƙarya ba, ya dai shigo da tsakuwar da ba a zuba a gurbi ba, kuma mai tsara tambayar ya san za a yi haka, shi ya sa ya ajiye wannan amsar a jerin zaɓi tana jira.

Haka abin yake a sashen fahimtar rubutu. A kawo sakin layi kan ambaliya, marubucin ya ce toshe magudanan ruwa yana cikin abubuwan da ke jawo ta. A cikin zaɓi sai a rubuta cewa toshe magudanan ruwa shi ne ke jawo ambaliya. Mai gaggawa zai ga kalmomin sun yi kama, ya wuce. Alhali "yana cikin" da "shi ne" ba ɗaya ba ne, kamar yadda "duk" da "wasu" da "galibi" da "ban da" kowanne ke juya ma'anar jimla. Ƙananan kalmomin nan su ne ido ke tsallakewa, musamman ga wanda ke karatu da harshen da ba na gida ba, hankalinsa ya tafi kan manyan kalmomin da ke ba shi tsoro.

Jerin lambobi ya fi sauƙi. A ba ka 2, 6, 12, 20, a ce me ke biye? Dubi tazarar: 4, 6, 8, saura 10, amsa 30. Wani zai gan shi ta wata hanya, ɗaya sau biyu, biyu sau uku, har biyar sau shida, wato adadin guraben darar nan tamu. Duk hanyar da aka bi, tsari ake nema.

Shi ya sa nake ganin haddar amsoshin tsofaffin tambayoyi ɓata lokaci ne, duk da cewa ita ce sana'ar wasu wuraren lasin. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani ƙwarai, sai dai amfaninsu yana cikin bitar da ke biyo baya. Dattawan dara in an cinye ɗaya ba sa share gurabe nan take. Sai sun mayar da 'ya'yan inda suke, 'yan kallo na sa baki, an nuna daidai inda wasan ya lalace. Ɗalibi ma ya yi haka. In ya faɗi tambaya, kada ya tsaya kan cewa amsar C ce. Ya gano abin da ya ja shi zuwa B. In ya ci, ya iya faɗin dalilin da ya sa sauran ukun ba su yi ba, don wani cin sa'a ne kawai. Tambaya goma da aka yi wa wannan bitar ta fi ɗari da aka bi a guje. In da aboki, ya fi kyau, domin kuskuren da mutum bai gani a tunaninsa ba, yana jin sa da zarar ya buɗe baki zai yi wa wani bayani.

Jarida ma makaranta ce. A karanta labari ɗaya a Aminiya ko Daily Trust, a rufe, a faɗi cikin jimla biyu abin da labarin ya ce, sannan a koma a duba ko an ƙara masa gishiri.

Wuri ɗaya ne darar ba ta taimaka: ba ta da agogo. Dattijo zai iya shafa gemu har a kira magariba bai matsa ba. JAMB kuwa tambaya 180 ce cikin awa biyu, sittin daga ciki na Ingilishi, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Don haka a fara atisaye a tsanake har idon ya saba ganin tarko, sannan in jarrabawa ta rage 'yan makonni a ajiye waya a gefe tana ƙirga lokaci. A nan ne ɗalibi zai koyi barin tambayar da ta cije masa ya wuce gaba, ya dawo mata in lokaci ya rage.