Walimar da Aka Yi Babu Sab

Ana gobe walimar saukar karatun ɗan ƙanena, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, sai mai kayan sauti ya aiko cewa manyan akwatunansa biyu ba za su samu zuwa ba. Su ne baƙaƙen nan da ake girkewa a ƙasa, waɗanda ƙirjinka ke jin kiɗansu kafin kunnenka ya ji. Masu sana'ar sab suke ce musu. Ɗaya ya ƙone a wani biki, ɗayan kuma an yi hayarsa zuwa Wudil. Abin da ya rage shi ne akwatuna biyu masu inci 15 da ake ɗorawa kan sanda, da lasifikar ƙarfe biyu irin ta kan masallaci, da miksa, da amfilifaya, da ɗan janareta.

Ƙanena ya ɓata rai. A wajensa taro bai cika ba sai ƙasa ta girgiza.

Washegari da hantsi yaron da ke kula da kayan ya iso a a-daidaita-sahu. Na sami benci a gindin darbejiya ina kallonsa. Tsakanin miksa da amfilifaya akwai wata siririyar na'ura mai ɗan gilashi a gaba, an rubuta dbx DriveRack a jikinta. Furosesa suke kiranta. Aikinta rabo ne, irin na uwargida da tukunyar tuwo: sauti mai kauri ta miƙa wa sab, matsakaici da siriri ta miƙa wa akwatunan sama. Ana auna kaurin sauti da hez, wato sau nawa iska ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, kuma lafiyayyen kunne yana ji daga hez 20 zuwa 20,000. Ranar da ake da sab, iyakar rabon kan tsaya wajen hez 100. Yau kuwa kason sab ba shi da mai ci. In an bar iyakar inda take, sautin ya fito a bushe kamar rediyon aljihu. In an buɗe komai an zuba wa na sama, an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Yaron ya sauke iyakar zuwa wajen hez 55, ya sa na'urar ta datse duk abin da ke ƙasa da nan.

Ƙanena ya tsaya a kansa. "Kai ɗan nan, ka ƙara bas mana, mutanen waccan unguwar su san ana taro."

"Alhaji, in na ƙara, kafin la'asar babu abin da zai rage. Amma bari ka gani da idonka."

Ya cire datsiyar, ya kunna wani kiɗa na gwaji. Baƙar takardar sifikar ta kama shiga da fita kamar zugazugin maƙera, har kana ganinta ta cikin raga. Janareta ya canza kuka, ƙwan fitilar da ke rumfa ya dushe. Ni dai ban ji wani kauri da ya ƙaru ba, sai wani ɓut-ɓut da ya lulluɓe muryar mawaƙin. Ya mayar da datsiyar. Takardar ta natsu, muryar ta fito fes.

Dalilin ba shi da wuya. Akwati mai rami a gaba, iskar da ke cikinsa ce ke tallafar takardar, amma tallafin yana da inda ya ƙare. Ƙasa da nan takardar lilo kawai take yi a banza, ga wayar da aka naɗe a bayanta tana ɗaukar zafi. Ƙarfin da amfilifaya ke ƙonawa a wannan lilon kuwa daga kason murya aka yanko shi. Sannan a fili ake, babu bangon da zai taimaka. Igiyar sauti mai hez 50 tsawonta ya kusa mita 7, ba ƙaramar iska ake turawa ba kafin a ji ta a bayan taro.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne inda magana take zaune. Kaurin muryar namiji yana tsakanin hez 85 da 180, amma abin da ke sa ka bambance sinun da shinun, ko ka ji ƙarshen kalma ba ta haɗiye ba, yana can sama, wajen hez 2,000 zuwa 4,000. Mu kuwa karatun Alƙur'ani muka taru mu ji. Abin da muka rasa bai shafi abin da ya tara mu ba, amma da an biye wa ƙanena da ya binne shi.

Lasifikun ƙarfen, ƙirar Ahuja ta Indiya, yaron ya datse su tun daga wajen hez 300. Bas ne ke kashe irinsu, shi ya sa masu naɗin waya a Sabon Gari ba sa rasa aiki. Daga ƙarshe ya sa wa kayan linzami, ta yadda ko mai sanarwa ya kurma ihu a makirfo, ƙarar ba za ta haura abin da akwatunan za su jure ba.

Labarin baka na cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka tafi neman tama. Na tuna da su ne domin maƙeri ma sanin iyakar wutar da ƙarfe zai sha shi ne rabin sana'arsa. Na kuma tuna da gidaje nawa na sani masu ƙarfin inci 15 da suka ɗauki hidimar sab, a lefe ko gara ko suna, aka yi ta motsi ana cin bashi, amma abin da ya tara mutane ya ɓace a cikin hayaniyar. Ban cire kaina ba. Auren babbar 'yata sai da na shekara biyu ina biyan abin da ba wanda ya tuna an yi.

Ba zan ce ba a yi asara ba. Da masu mandiri suka karɓa bayan azahar, dukan ya fito ba nauyi, kuma samari sun lura. Amma sa'ad da ɗalibin ya buɗe baki, wata gwaggonmu da ke zaune can bayan zana, wadda kunnenta ya soma nauyi, ta riƙa bin sa aya bayan aya, har ta kama inda ya ɗan yi tuntuɓe kafin malaminsa ya gyara.

Da magariba ta gabato yaron ya kashe janareta, ya ɗora tafin hannunsa a kan amfilifaya, ya kira ƙanena. "Alhaji, taɓa ka ji." Ɗumi ne kawai. Ya naɗe wayoyinsa a gwiwar hannu, ya ce gobe yana da ɗaurin aure a Ajingi da waɗannan akwatunan.