LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA? BA KULLUM BA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, yau ina so mu leƙa ƙasashe biyu, Japan da Amurka, mu ga yadda kowa yake yi da abin da ke ransa.

Wajen 1970, wasu masana halayyar ɗan Adam, Paul Ekman da Wallace Friesen, suka yi wani gwaji. Suka kunna wa ɗalibai Amurkawa da Japanawa fim mai tayar da hankali, kowa shi kaɗai a ɗaki, kyamara a ɓoye tana ɗaukar fuskarsa. Da Ba'amurken da Bajapanen duk suka yamutsa fuska iri ɗaya. Sai aka sake, amma wannan karon da wani babba daga cikin masu binciken a ɗakin. Ba'amurke ya ci gaba da yamutsa fuskarsa. Bajapane kuwa sai ya rufe abin da murmushi.

To kun gani. Abin da ya taɓa zuciyar wannan shi ya taɓa ta wancan. Tarbiyya ce ta raba fuskokin.

A Japan suna da kalmomi biyu: "honne", wato ainihin abin da ke ranka, da "tatemaye", abin da kake nuna wa jama'a don a zauna lafiya. Suna kuma da "gaman", wato cijewa da daurewa ba tare da ƙorafi ba. Duniya ta ga wannan a watan Maris na 2011, da girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka kashe sama da mutum 15,000. Mutanen da suka rasa gida da iyali suka jeru a layin ruwa da abinci, ba turereniya. A wurinsu, ka zubar da damuwarka a gaban mutane ɗora musu kaya ne.

Shi kuwa Ba'amurke tun yana yaro ake tambayarsa me yake ji, ana ce masa ya faɗa. In ya ji daɗi ya yi ihu, in ransa ya ɓaci ya gaya maka ido da ido, kuma shi a ganinsa gaskiya ke nan. Har a saƙon waya abin ya fito: alamar murmushin Ba'amurke a baki take, :) ta Bajapane kuma a ido, ^_^ don wanda ya saba da mutane masu mallakar bakinsu, ido yake karantawa.

Kowanne da alherinsa, kowanne da cutarsa. Cijewar nan ta Japan tana cikin abin da ke sa ma'aikaci ya yi ta aiki ba ya iya cewa ya gaji har ya faɗi matacce, abin da suke kira "karoshi". Fitar da komai kuma yakan sa mutum ya faɗi maganar da ba ta komawa ciki, zumunci ya yanke.

Ni abin da nake so mu lura da shi, Musulunci bai ce a ɓoye komai ba, bai ce a fitar da komai ba. Ya duba wane irin abu ne, kuma me zai haifar.

Fushi dai haɗiye shi ake yi. Allah Ya yabi masu haɗiye fushi a Suratu Ali Imrana, Annabi (SAW) kuma ya nuna mana cewa jarumta tana wurin mallakar kai lokacin fushi, ba wurin kayar da mutane a kokawa ba.

Baƙin ciki kuwa an bar ido ya zubar. Da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa, Annabi (SAW) ya yi hawaye har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin kumatu, yaga tufafi da maganar da ke saɓa wa Allah. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma bai fita daga sahun masu haƙuri ba, don Allah ya kai wa kukansa.

Ƙauna ita ma bayyana ta ake so. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya nuna masa rashin tausayi ne.

Mu nan, in za a faɗi gaskiya, mun fi kama da Japanawa. Muna da kunya da kara, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mutum yana kwance a asibiti ka gaishe shi ya ce lafiya lau. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne. Amma fa mu ji tsoron Allah a wuri biyu.

Na farko, mu daina yanke wa mutane hukunci da fuska. An yi wa mace rasuwar miji ba ta yi kuka a gaban jama'a ba, sai a ce dama ba ta damu da shi ba. Namiji ya yi hawaye a maƙabarta, sai a ce ba shi da tawakkali. Wa ya buɗe maka zuciyarsu?

Na biyu, kada "lafiya lau" ta ishe ka. Matarka, ɗanka, maƙwabcinka da bashi ya danne, duk za su iya yi maka murmushin nan na Bajapane. Ka zauna, ka sake tambaya, ka kalli idonsa. In ya buɗe baki, kada ka toshe shi da "yi haƙuri" tun bai gama ba. Ka saurara tukuna, sannan ka ba shi haƙurin.

Allah Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, wadda ya faɗa da wadda ya ɓoye. Allah Ya sa mu dace. Amin.