Harshe a Kujerar Alƙali: Hurumin Ɗanɗano da Iyakarsa

Tambayar ko ɗanɗano yana da ma'auni, ko kuwa kowane harshe sarkin kansa ne, tsohuwa ce a fagen falsafa, kuma ɗaya daga cikin wuraren da take fitowa fili a wannan zamani shi ne gasar giya da ake shiryawa a Amurka da Turai, inda ake zaunar da alƙalai su kurɓi abin sha, su rubuta dalilansu, su ba shi maki. Musulmi ba shi da rabo a wannan zama, amma nazarin yadda ake yanke hukunci a cikinsa yana haska wani al'amari da ya shafi kowa, wato irin sanin da gaɓoɓin ji suke bayarwa, da kuma inda huruminsa yake ƙarewa.

Misalin da ya fi dacewa shi ne giya mai ruwan ƙasa, wadda asalinta Ingila ne, kuma launinta yana zuwa daga tsiron sha'ir da aka gasa har ya yi duhu ya ɗauki ƙamshin gyaɗa soyayya da cakulan. A samfurin Ingila, irin Newcastle Brown Ale da ya fito a 1927, zaƙin tsiro ne yake rinjaye. Bayan da Shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta dafa giya a gida, masu dafawa a gidajensu da ƙananan masana'antun Amurka sun ƙara mata hof, wato furen wata shuka mai yaɗo wanda yake ba giya ɗaci da ƙamshi, yake kuma hana ta saurin lalacewa. Irin hof ɗin da ake kira Cascade, wanda aka fitar a jihar Oregon a 1972, yana da ƙamshin ɓawon lemo, kuma giyar Pete's Wicked Ale ta 1986 tana cikin waɗanda suka yaɗa sabon salon. Sakamakon shi ne abin sha da ƙarfi biyu suke ja-in-ja a cikinsa, garɗin gasasshen tsiro a gefe guda da ɗacin hof a ɗaya gefen, kuma aikin alƙali shi ne ya faɗi ko sun daidaita.

Ƙungiyar BJCP, wadda aka kafa a 1985 domin horar da irin waɗannan alƙalai da jarraba su, ta raba maki 50 kashi biyar: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda abin yake ji a baki, sai 10 na hukuncin gaba ɗaya. Ana ɓoye sunan mai dafawa domin kada sanayya ta shiga, kuma aibobi da yawa suna da sanadin da za a iya tabbatarwa a ɗakin gwaji, domin ɗanɗanon man shanu alama ce ta sinadarin diyasetil da yis bai gama cinyewa ba, ɗanɗanon tsohuwar takarda kuwa yana nuna iska ta shiga. Ɗaci ma yana da awo, wanda ake kira IBU, kuma ƙa'idar ƙungiyar ta sa salon Amurka na giya mai ruwan ƙasa tsakanin 20 da 30. Sai dai awon yana ƙirga sinadarin da ke cikin ruwa ne kawai, ba abin da harshe yake ji ba, saboda zaƙin tsiro yana rufe ɗaci, har giya biyu masu lamba ɗaya su sha bamban a baki. Su kansu harsunan ba ɗaya ba ne, tun da masanin sinadarai Arthur Fox ya gano a 1931 cewa akwai wani sinadari da wasu mutane suke ji da tsananin ɗaci, wasu kuma ba sa jin komai, bambancin da daga baya aka danganta da gadon halitta.

A nan ne manyan masana falsafa biyu suka raba hanya. Immanuel Kant, a littafinsa kan ƙarfin hukunci na 1790, ya bambanta abu mai daɗi da abu mai kyau, ya sa abin sha a rukuni na farko, inda mutum ba shi da ikon cewa komai face abin ya yi masa daɗi shi kaɗai. David Hume kuwa, a maƙalarsa kan ma'aunin ɗanɗano ta 1757, ya kawo labarin wasu mutum biyu daga littafin Don Quixote waɗanda suka ɗanɗani giyar inabi, ɗaya ya ji fata, ɗayan ya ji ƙarfe, aka yi musu dariya, sai da aka zazzage gangar aka tarar da mabuɗi ɗaure da tsirkiyar fata. Hume ya kafa hujja da wannan cewa wani harshen ya fi wani gani, kuma ya lissafa sharuɗɗan alƙali na gaskiya: kaifin ji, yawan gwadawa, kwatanta abu da ɗan'uwansa, tsarkaka daga son zuciya, da lafiyayyen hankali.

Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Alƙalin da ya ji diyasetil ya san wani abu da yake nan a zahiri, amma hukuncin cewa wannan aibi ne, ko cewa ɗaci ya yi yawa, yana dogara da salon da wata jama'a ta yarda da shi a wani zamani, domin giyar da za ta faɗi idan aka auna ta da salon Ingila tana iya lashe gasa a salon Amurka. Haka abin yake ga goro, wanda yaro yake tofarwa saboda ɗaci, alhali dillalinsa yana rarrabe daushe da sabo, yana kuma sanin wanda ya cancanci kuɗinsa, ba tare da wani ya ce saninsa ruɗu ba ne. Ɗanɗano ilimi ne na gaske, sai dai ilimi ne da ake koya a cikin wata al'ada, kuma tambayar da yake amsawa ita ce ko abu ya cika siffar jinsinsa.

Daga nan wata shubuha take tasowa, wato cewa wanda bai taɓa kurɓa ba ba shi da bakin magana. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo wannan a littafinsa al-Munƙiz minad Dalal, inda ya bambanta sanin abu ta hanyar ma'anarsa da saninsa ta hanyar zauƙi, wato shiga halin kai tsaye, kuma cikin misalansa akwai maye: wanda yake cikin hayyacinsa yana iya sanin ma'anar maye da sanadinsa bai bugu ba, bugagge kuwa yana cikin halin amma bai san ma'anarsa ba. Al-Gazali ya kawo misalin ne domin ya ɗaukaka sanin Sufaye, amma misalin yana nuna wani abu kuma, cewa sani iri biyu ne, kuma mallakar ɗaya ba ta ba mutum ɗayan. Gwanin ɗanɗano ya san yadda ɗacin hof yake sauka a maƙogwaro, amma wannan bai sa ya fi kowa sanin abin da barasa take yi wa hankali da iyali da dukiya ba.

Haramcin da Musulunci ya yi bai ginu a kan cewa giya ba ta da daɗi ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta tabbatar da cewa akwai wasu amfanoni a cikinta kafin ta bayyana cewa zunubinta ya rinjaya, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida kuma sun ambaci ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da salla. Illa, wato dalilin da hukunci yake rataye da shi, a wurin Malikiyya da mafi yawan malamai ita ce sa maye, ko daga inabi aka yi abin ko daga sha'ir ko dawa, kaɗan ne ko mai yawa, kuma giyar da ake magana a kai, mai barasa tsakanin kashi 4 da 6 cikin ɗari, tana cikin wannan hukunci. Kiyaye hankali yana cikin manufofi biyar na shari'a da al-Gazali ya lissafa, tare da addini da rai da zuriya da dukiya.

Saboda haka kuskure biyu ne ya kamata a guje wa. Na farko shi ne na mai addinin da yake zaton kare haramci yana buƙatar ƙaryata gwanintar masu ɗanɗano, alhali nassin da yake karewa bai ƙaryata amfanin ba. Na biyu shi ne na gwanin da yake zaton cewa kaifin harshe da tsarin maki sun mayar da shan wani abu dabam, alhali barasar da ke cikin giya mai maki 45 ita ce dai a cikin mai maki 20. Takardar alƙali tana da gurbin ƙamshi da launi da ɗaci, amma ba ta da gurbin tambayar ko ya dace a sha, kuma wanda yake neman amsar wannan dole ne ya kai ƙararsa gaban wahayi da hankali da shaidar likitoci.